Wuyar Haɗiya

Sai da mahaifina ya kasa haɗiyar ruwa sannan na fara jin kalmar haɗiya da kunnen basira. Kafin nan kalma ce kamar sauran, ta shigo baki ta fice ban ce mata sannu ba. Shekara arba'in da 'yan kai ina haɗiya, a farke da cikin barci, ban taɓa tsayawa na tambayi kaina yadda ake yin ta ba. Wa ke tambayar yadda ake ƙifta ido? To, wata Talata da hantsi, kwana biyu bayan shanyewar ɓarin jiki ta kayar da Baba, na ɗebi ruwa a cokali na kai masa baki. Ya karɓa, ya riƙe shi a kunci kamar mai neman inda zai yi ajiya, can sai tari ya turnuƙe shi, idanu suka kaɗa suka yi ja, ruwan ya biyo ta hanci. Cokali ɗaya tak, ga mutumin da a da yake tashi da kwanon fura a zama guda, har ya ɗauraye ya shanye.

Tun daga ranar kalmar ta maƙale mini, ta ƙi wucewa ta ƙi dawowa.

Ɗora yatsa a kan zakaran wuyanka, ka haɗiyi yawu. Za ka ji ya yi tsalle sama, ya ɗan tsaya, ya sauko. Kada ka ɗauke yatsan, ka ce "ƙa", ka sake cewa "ɗa". Masana harshe sun ce a wajen furta ƙ mai lanƙwasa mutum yana rufe ƙofar maƙogwaro ne ya tura shi sama, a wajen ɗ kuma ya ja shi ƙasa. Wato duk Bahaushen da ya ce "maƙoshi" ya yi rabin aikin, in ya ƙara da "haɗiya" ya ƙarasa saura. Wasan baki ne, na sani, amma na raba dare ina yinsa a gefen gadon asibiti, yatsa a wuya, har mai jinyar gadon kusa ya fara yi mini kallon wanda abin ya taɓa.

Harshenmu bai yi rowar kalmomi a wannan wurin ba. Mai shayi kurɓa yake, mai ƙishi kwankwaɗa, mai gyaɗa afawa. Ana guntsar ruwa a riƙe a baki, a yi maƙurwa ɗaya ko biyu, sannan a ji sautin da ke rufe lissafi: muƙut. In kuma tafiya ta ƙi, kowace irin ƙi da sunanta. Ruwa ya ƙware shi, wato ya ɓata hanya ya bi ta iska. Loma ta shaƙe shi, wato ta tsaya ta toshe. Ƙayar kifi maƙalewa take, baƙin ciki kuwa tokarewa. Abin dariya, a rubuce kalma ɗaya ce ke ɗauke da gwaninta da tuntuɓe: wane ya ƙware a ɗinki, wane ya ƙware da ruwa. Haka ma wuya. Akwai wanda ake rataya wa sarƙa, akwai wadda ake sha kafin a sha daɗi. Tsakanin wuyan haɗiya da wuyar haɗiya harafi ɗaya ne kacal, kuma a dare ɗaya Baba ya tsallaka daga wancan zuwa wannan.

A bayan harshe akwai mararraba. Hanyar iska tana gaba, ta abinci tana bayanta, kuma duk abin da za ka ci sai ya tsallake bakin ta iskar kafin ya faɗa tasa. Charles Darwin ma, a littafinsa na 1859, ya tsaya ya yi mamakin wannan tsari da ke sa kowace loma ta bi ta bakin rijiya. A duk haɗiya numfashi na tsayawa cak, maƙogwaro ya hau sama ya matso gaba, igiyoyin murya su haɗe, wani ɗan murfi mai siffar ganye ya kifu a kan ƙofa, hanyar hanci ta rufe, bakin hanyar abinci ya buɗe. Tsokoki fiye da 30 ke wannan kai-komo, cikin kusan sakan ɗaya, sau ɗaruruwa a yini, don yawun da baki ke tsattsafowa kaɗai yakan kai lita guda. Jariri nasa maƙogwaron a can sama yake, kusa da bayan hanci. Yana girma yana saukowa, kuma saukowar nan ce ta ba mu filin sarrafa murya. Magana muka saya, muka biya da ƙwarewa. Tsofaffin da ke kwaɓar yaro su ce ba a surutu a bakin akushi ba su karanta wannan a ko'ina ba. Sun dai ga yara da yawa sun ƙware.

Mararrabar nan iyaka ce kuma. Muddin abu na baki, da sauran shawara: ka tauna, ka juya, ka tofar in ka ga dama. Da harshe ya tura shi baya, magana ta bar hannunka, jiki ya karɓi ragama, ko sarki ne kai ba ka isa ka ce a dakata ba. Malamanmu na Malikiyya a nan suka kafa turken azumi game da abin sha: ya kai maƙogwaro ko bai kai ba. Muna yara mun ɗauki abin da zafi fiye da malaman, muka riƙa yini muna tsartar da yawu a gindin katanga don kada azuminmu na rabin yini ya karye, har aka zaunar da mu aka ce yawun bakinka ba ya karya komai, haɗiye abinka.

Mu dai abin da muka sani game da mara lafiya shi ne kwanciya. Tausayi ya ce a shimfiɗe shi, a tallabi ƙeya, a ɗaga haɓa sama don ruwa ya gangara da kansa, a rage masa aiki. Haka muke yi ni da Yaya, muna ganin mun iya jinya, har wata ma'aikaciyar jinya, dattijuwa mai tabarau a karan hanci, ta zo wucewa ta ja birki.

"Malam, kai ne ɗansa?"

"Ni ne, Sista."

"To ajiye cokalin nan. Kai in aka kwantar da kai rigingine aka tsiyaya maka ruwa, iya sha za ka yi?"

Ta murza wani ƙarfe a ƙafar gadon har kan gadon ya miƙe. Ta cusa matashi a bayansa, wani a ƙarƙashin hannun da ya shanye don kada ya karkace. Ta rusuna daidai fuskarsa. "Sannu Baba, Allah ya ba da lafiya. Dubi ƙirjinka, kamar kana leƙa aljihun gaba. Yauwa. To haɗiye." Koko ta ba shi mai kauri, rabin ƙaramin cokali. Ta sa yatsu biyu a wuyansa tana jira, mu ma muka yi tsit. Zakaran wuya ya motsa da ƙyar, kamar guga cike a hannun yaro, ya hau ya sauko. "Ce aa, Baba." Ya ce aa, muryar a bushe. Ta ce duk lokacin da muka ji muryar ta jiƙe, kamar mai magana daga cikin ruwa, to wani abu ya zauna a bakin hanyar iska, mu dakata. Har ta juya za ta tafi sai ta waiwayo. "Kai ma ka nemi kujera ka zauna. In kana tsaye a kansa, dole ya ɗaga kai ya dube ka."

Wannan ta ƙarshen ita ta fi tsaya mini a rai. Ashe tsayuwata ma tana cikin abin da ke ƙware shi.

Na tuna kajin gidanmu. Kaza in ta tsoma baki a ruwa sai ta ɗaga kai sama, aka ce mana godiya take wa Ubangiji. Har gobe ina son wannan fassara, sai dai zancen gaskiya kaza ba ta iya zuƙa ba, cika baki take ta bar ruwan ya gangara. Tattabarar da ke sha tare da ita a kasko ɗaya tsoma baki take ta zuƙe ba ta ɗago ba, ba kuwa don ta rasa godiya ba. Jaki a bakin rafi kansa na ƙasa, cikinsa na sama, kana ganin ruwa na hawa tudu a wuyansa gudan-gudan. Hanyar abinci tasa da tamu ba zurara ba ce kamar indararo. Matsawa take, zobe bayan zobe, kamar hannun Bafulatana a kan hantsar saniya. A babban mutum tsawonta kusan santimita 25 ne, taƙi guda da ɗoriya, loma kuma kan yi sakan 8 zuwa 10 kafin ta isa. Lokacin da za a fara harba mutum sararin samaniya, cikin abubuwan da masana suka so su gani har da wannan: inda babu nauyi, babu sama babu ƙasa, abinci zai wuce? Yuri Gagarin ya matsa nasa daga bututu irin na man goge baki a 1961, John Glenn ya sha niƙaƙƙiyar tuffa a 1962, duka suka wuce lafiya lau.

Mai lafiya ke nan. Ko a kife aka rataye shi zai haɗiye. Sai ranar da ƙarfi ya ragu, ko saƙo daga ƙwaƙwalwa ya riƙa makara a hanya, sannan yadda aka ajiye jiki yake zama magana. Ka ɗaga haɓa, ka buɗe wa ruwa gangara kai tsaye zuwa mararraba tun mai gadi bai farka ba. Ka sunkuya, ƙofar iska ta tsuke, gindin harshe ya matsa baya, abin da ke baki ya sami inda zai ɗan jira. Mun kwaikwayi kaza a wajen shayar da marasa lafiyarmu, alhali ƙirarmu da tata ba ɗaya ba.

Wata masaniya a Jami'ar Northwestern ta Amurka, Jeri Logemann, ta ƙarar da rayuwarta tana kallon haɗiya ta hoton asibiti mai motsi, ana ba mara lafiya abinci gauraye da wani farin sinadari da ke fitowa a hoto, ana bin loma da ido har ta wuce. Daga irin wannan aiki, tun shekarun 1980, aka tabbatar da dabaru kamar juya fuska zuwa ɓarin da ya shanye, don hanyar wannan gefen ta matse, abinci ya bi ta gefe mai ƙarfi. Hoton ya kuma nuna abin da bai kamata a ɓoye ba: sunkuyon ba ya yi wa kowa, wani ma ƙara masa yake. Shi ya sa ya kamata wanda ya san aikin ya gwada mara lafiya da kansa kafin dangi su mai da dabara doka. Kusan rabin waɗanda shanyewar ɓarin jiki ta kama sukan sami wuyar haɗiya a kwanakin farko, yawancinsu kuma takan dawo musu cikin 'yan makonni. Haɗarin yana cikin makonnin nan ne, daidai lokacin da gida ke cike da masu dubiya, kowa da kwanonsa da shawararsa.

Sunkuyar da kai kuwa ai ba sabon darasi ba ne a wurinmu. Almajiri a gaban malam, amarya a gaban surukai, magidancin da aka yi wa faɗa cikin mutane, kowa kai a ƙasa. In ka lura kuma, a daidai wannan lokacin wani abu yake haɗiyewa. Muna cewa ya haɗiye fushi, ta haɗiye kuka, na haɗiye maganata. Malaman tafsiri in sun zo kan ayar Ali Imrana da ke yabon masu danne fushi, da kalmar haɗiya suke fassarawa. Ni dai ban taɓa ganin wanda ya haɗiye fushi yana ɗage da haɓa ba, mai ɗaga haɓa furzarwa zai yi. Marubutan littattafan soyayya na Kano sun san wurin nan kamar yunwar cikinsu, da wuya ka gama littafi ba ka gamu da ƙululun baƙin ciki ya tokare wa wata maƙoshi ba. Likitoci ma sun san ƙululun. Mutum ya zo yana rantsuwa akwai abu a wuyansa, a duba a ga wayam, kuma abin mamaki ba ya hana cin abinci, sau da yawa ma lafawa yake in ana ci. Sai kuma mafi nauyi a cikin maganganun nan duka: wane ya haɗiyi zuciya. A harshenmu zuciya ma abar haɗiya ce, sai dai wanda ya haɗiye ta ba ya tashi.

Ta wannan fuska Baba gwani ne. Shekara talatin a kasuwa, an ci bashinsa an hana, an yi masa ƙazafi, ƙanne sun raina shi a kan gado, duk ya yi muƙut ya ce Allah na nan. Ana yabonsa da haka, ni ma na yaba, ko da yake yanzu ina ganin da ya tofar da wasu da ba a yi asarar komai ba. Inna takan ce abin da ya haɗiye ne ya taru ya kayar da shi. Likita ya ce hawan jini ne, da maganin da ya daina sha tun da ya ji sauƙi. Ban yi musu da ko ɗayansu ba.

Kowa ya haɗiyi taɓarya ya kwana tsaye. Duk rayuwata a matsayin gargaɗi nake jin karin maganar nan, wato wanda ya jajibo abin da ya fi ƙarfinsa shi zai kwana da shi. Tana tafiya tare da 'yar'uwarta, wadda ta ce in mutum ya ce zai haɗiyi gatari a riƙe masa ƙota. A asibiti sai ta taɓaryar ta rikiɗe mini ta koma umarnin likita. Wanda ya fara faɗinta ya lura da abin da Sista ta ce mana da bakinta: abin da ka haɗiya shi ke faɗa maka yadda za ka ajiye jikinka. Baba in ya ci, ko cokali biyar ne, ba kwanciya sai bayan aƙalla rabin awa. Nan ne rigima take, don ci na gajiyar da shi, yana gamawa sai ya fara zamewa, mu kuma muna tokare shi da matasai muna ba shi labarin kasuwa.

Dalili shi ne a ƙarshen hanyar abinci, a bakin ciki (na ce bakin ciki, ba baƙin ciki ba, ko da yake a wayar salula duka ɗaya ake rubuta su), akwai wani zoben tsoka da ke rufewa bayan loma ta wuce. In ya yi sako-sako, ga ciki a cike, ga mutum a miƙe, sai abin da ya shiga ya biyo baya da tsaminsa. Wannan shi ne ƙwarnafin da ke damun mai cika ciki da sahur ya koma shimfiɗa. Ga mai lafiya zafin ƙirji ne kawai. Ga wanda mai gadinsa ke gyangyaɗi, abin da ya dawo yana iya zarcewa huhu yana barci. Shi ya sa ko waɗanda ake ba abinci ta robar hanci ake ɗaga musu kan gado digiri 30 zuwa 45. Mai ƙwarnafi kuma yakan fi samun sauƙi in ya kwanta ta hagu, saboda yadda tumbi ya karkata can.

Ƙwayar magani ma da nata sharaɗin. Wasu, irin su doxycycline, in aka afa su a kwance da ɗan guntun ruwa sukan lafe a hanya su ƙona wurin. Kuma kusan kowa in zai sha magani wurga kai baya yake kamar zakara zai yi cara. A 2014 masu bincike a Jami'ar Heidelberg ta Jamus sun nuna cewa kafso, da yake yawo yake a saman ruwa, ya fi saurin wucewa in an guntsi ruwa an sunkuya gaba. Akwai ma wani ciwo da zoben nan na ƙasa ke ƙin buɗewa sam, masu shi sukan miƙe tsaye ana tsakiyar ci, su bankare, su ɗaga hannuwa, su yi ta zagaya ɗaki har abinci ya faɗa. Wani likitan Ingila, Thomas Willis, ya ba da labarin irin wannan mara lafiya a 1674: ya yi masa 'yar sanda daga jikin wata ƙatuwar dabbar teku, da soso a kanta, mutumin ya riƙa tura abincinsa da ita har shekara goma sha biyar. Ga wanda ya kusa haɗiyar taɓarya da gaske, kuma ita ta raya shi.

Abin da ya fi ba dangi wuyar yarda shi ne ruwa. Ruwa fa, da muke cewa abokin aiki, wanda ake fara miƙa wa baƙo, shi ne ya fi komai haɗari ga irin su Baba. Ba shi da jiki, ba ya jira, yana rarrabuwa a baki ya riga umarni isa. Abu mai kauri tafiya yake a dunƙule, a hankali. A asibitocin duniya yanzu akwai ma'aunin bai ɗaya da ya jera abin sha da abinci daga mataki na 0 zuwa na 7, daga tsinkakken ruwa har abin da ake taunawa. Da na ji haka sai na yi murmushi, don matan gidanmu sun daɗe da nasu ma'aunin a bakin ludayi: wannan kokon ya yi tsululu, wannan kunun ya yi daidai, wannan furar sai an ƙara nono. Mu da muka tashi da tuwo ai 'yan haɗiya ne tun asali. Ba a tauna tuwo, a murza loma, a yi mata rami da babban yatsa, a ɗebo miya, a aika. A Turancin Najeriya ma tuwo da teba da sakwara da amala suna ɗaya aka yi musu, ma'anarsa abin haɗiya. Kuka da kuɓewa da karkashi kuwa, yauƙinsu ne ke raka loma har gida. Sai dai tuwon da ya kwana ya yi tauri, ko babbar loma mai danƙo, ba abin kai wa raunanan maƙoshi ba ne.

Ana cikin haka Gwaggo ta iso daga ƙauye. Ta dubi ƙaninta, ta dubi rabin cokalin da muke ba shi, ta tafa hannu. "Yunwa za ku kashe shi da ita? Ku ba ni shi nan in yi masa ɗura. Ai duk da ɗura na raine ku, ga ku nan ƙarti." Gaskiya ta faɗa, ta yi mana. Na sha ganin yadda ake yi: a kwantar da yaro a cinya, kai ya ɗan rinjaya, a tara tafin hannu a bakinsa a cika da kunu, a toshe hanci. Yaro na neman iska sai ya haɗiya, yana haɗiya yana kuka yana shure-shure, har ciki ya yi tim. Ƙauna ce zalla, ta uwar da ba ta son ɗanta ya kwana da yunwa, kuma duk abin da Sista ta hana yana ciki: ga kwanciya, ga kai a baya, ga ruwa-ruwa, ga numfashi da haɗiya an haɗa su kokawa a ƙofa ɗaya. Mu da muka tsira muna nan muna ba da shaida. Waɗanda kunu ya faɗa wa huhu, aka ce sanyi ne ya kama su, ba su zo taron ba. Haka al'adar cire belu, da wanzami ke yi wa jariri don kada ya girma ya toshe masa wuya: tsoron wuyar haɗiya ne ya haife ta, likitoci kuma suna ta gargaɗi kan zubar jini da shigar cuta.

Na lallashi Gwaggo da abin da na koya. Na ce mata tari ma rahama ne, don akwai wanda abu ke faɗa wa huhu shiru, ko gyaran murya ba ya yi, sai bayan kwana biyu a ga zazzaɓi da numfashi sama-sama. Galibi huhun dama yake tafiya, don reshen hanyar iska na wannan gefen ya fi faɗi ya fi miƙewa. Na ce har wanke masa baki da muke yi safe da yamma magani ne, saboda yawun baki mai datti in ya zurara ciki shi ke kai cutar. Ta saurara tana taɓe baki. Abin da ya karya mata gwiwa daga ƙarshe ba bayanina ba ne. Limamin unguwarmu ne ya zo dubiya, ya tarar da Baba a zaune cif an tokare shi, ya ce ai haka ya dace, ya inganta cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba ya cin abinci a kishingiɗe, sha kuma yakan yi shi da numfashi uku. Manyan Rumawa da Girkawa na da, a kishingiɗe suke walima, kan gadaje, bisa gwiwar hannun hagu, alamar isa ce a wurinsu. Mu kuwa aka koya mana tanƙwashe ƙafa a kan tabarma, a sunkuya ga akushi, hannu ya tashi daga ƙasa zuwa baki. Duk wanda ya ci tuwo a ƙasa, haɓarsa na kusa da ƙirji ba tare da wani ya ce masa ya leƙa aljihu ba. Gwaggo ta ce to ai ita ma abin da take nufi ke nan.

Mako na shida, muna gida, Sista ta riga ta ce a gwada abu mai laushi. Inna ta tuƙa tuwon shinkafa ruwa-ruwa, ta kaɗa kuka. Muka zaunar da shi a kujera, ƙafa a ƙasa, matashi a baya, aka kashe rediyo, aka kori jikoki tsakar gida. Na jawo kujera 'yar tsugunne na zauna ƙasa da shi. Ya ƙi cokali. Ya sa hannunsa mai lafiya ya gutsuri loma kamar ƙwallon goriba, na ce Baba a rage, ya harare ni, ya rage ta koma kamar gyaɗa. Ya dangwali miya, ya kai baki, ya juya fuska wajen kafaɗar da ta shanye, ya sunkuya. Ban sa masa yatsa a wuya ba, na ji kunya, da ido na bi. Zakaran ya hau, ya tsaya, ya sauko.

Inna na bakin ƙofa riƙe da mara, ta manta ta ajiye.

"Baba, ce aa."

Bai ce ba. Ya ɗago a hankali, ya dubi Inna, ya motsa bakin da har yanzu gefe ɗaya ke aiki. Muryar ta fito a bushe, tas.

"Miyar nan ba gishiri."

"Likita ya hana, Alhaji," in ji Inna, tana goge ido da bakin zane. Ya yi tsaki, ya sake miƙa hannu cikin kwanon.